Wane darakta ya dace da fim ɗin tarihin Nirvana?

Furodusan da ke shirin zuba kuɗi a fim ɗin tarihin Nirvana, ƙungiyar mawaƙan grunge (wani salon kiɗan rock) da ta taso daga garin Aberdeen na jihar Washington ta girgiza Amurka da faifan Nevermind a 1991, ya fara duba takardunsa kafin ya kira kowane darakta: yana da izinin amfani da waƙoƙin? Nick Broomfield ya ɗanɗana kuɗarsa a nan. Fim ɗinsa Kurt & Courtney na 1998 ya fito babu waƙar Nirvana ko ɗaya, domin Courtney Love, matar Kurt Cobain, jagoran mawaƙan Nirvana da ya kashe kansa a 1994, ba ta ba da izini ba.

In izini ya samu, sunan da zai fara zuwa bakin mutane shi ne Cameron Crowe. Ya zauna a Seattle, birnin da kiɗan grunge ya bunƙasa. A fim ɗinsa Singles na 1992, mawaƙi Eddie Vedder da abokansa biyu na Pearl Jam, wata ƙungiyar grunge ta Seattle, sun fito a matsayin makaɗa, kuma shi ya shirya fim ɗin cikar Pearl Jam shekara 20 a 2011. Matsalarsa taushin zuciya. Yana son mawaƙa har ya kan yafe musu komai, labarin Cobain kuwa cike yake da tabar heroin da ciwon ciki da ƙyamar suna. Da fim ɗin Pearl Jam ne, da ban tsaya neman wani ba.

Masu neman riba za su kawo Dexter Fletcher, wanda ya ƙarasa Bohemian Rhapsody, fim ɗin tarihin mawaƙi Freddie Mercury na ƙungiyar Queen, bayan an sallami Bryan Singer, sannan ya yi Rocketman a 2019. Na farkon ya tara sama da dala miliyan 900. Sai dai an juya tarihi a cikinsa, aka nuna Freddie Mercury ya san yana ɗauke da ƙanjamau kafin wasan Live Aid na 1985, alhali sai bayan nan aka gano. Masoyan Nirvana ba za su haɗiye irin wannan ba.

Gus Van Sant ya riga ya gwada a 2005 da Last Days. Michael Pitt ya fito a matsayin wani mawaƙi Blake mai kama da Cobain, yana ta yawo tsakanin wani katafaren gida da daji, yana gunaguni shi kaɗai. Fim ne mai kyau, amma mai kallon da bai san Cobain ba zai tashi bai ƙaru da komai ba.

Ni dai Anton Corbijn, ɗan ƙasar Holan, zan ɗauka. Ya yi aiki da Nirvana ido da ido, shi ya ba da umarnin bidiyon waƙar Heart-Shaped Box a 1993. A 2007 kuma ya yi Control, tarihin Ian Curtis na ƙungiyar Joy Division, wanda shi ma ya kashe kansa yana ɗan shekara 23. Fim ne baƙi da fari, jarumin Sam Riley ba a san shi ba a lokacin, kuma 'yan wasan da kansu suka kaɗa kayan kiɗan. Bazawarar Curtis tana cikin furodusoshin, duk da haka bai wanke mamacin ba. Wannan ƙwarewar zama da iyali ita ake buƙata. A sani dai, irin fim ɗinsa ba ya cika silima kamar na Fletcher, don haka a ƙiyasta kasafi daidai da haka.

Duk wanda aka gayyata, a zaman farko a tambaye shi yadda zai ɗauki Afrilun 1994, lokacin da aka tsinci gawar Cobain a ɗakin da ke saman garejin gidansa. A Control, lokacin da aka tsinci gawar Curtis, kyamara ta tsaya a waje. Matarsa ta shiga gida, ta fito da gudu tana kururuwar neman taimako.