Sharhi Kan Ofishin Da Ya Shirya Mana Tafiyar Zanzibar

Da muka ƙudiri zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya domin kallon namun daji da taurari, wani ofishin shirya tafiye-tafiye a nan birnin Kano muka nufa. Niyyarmu mu tashi a Afrilu, amma ma'aikacin ya ce: "Alhaji, ku dakata, daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi a can, gajimare ba zai bar ku ku ga sama ba." Ya ba da shawarar tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin da ruwa yake ɗaukewa, iska ta yi sanyi.

Shawarar ta yi amfani, domin a Agusta mun shiga dajin Jozani da sassafe ba tare da taɓo ya hana mu ba, muka tarar da jajayen biran nan da Zanzibar kaɗai ake samun irinsu suna cin ganye dab da mu. Mun kuma haye tsibirin Changuu, wurin manyan kunkuru.

Inda suka gaza shi ne lissafin wata, abin da ko yaron makarantar allo zai iya dubawa. Kwanakinmu sun faɗo tsakiyar farin wata, haskensa ya dusashe ƙananan taurari, har sai daren ƙarshe, gabanin asuba, muka iya tantance Kaza da 'Ya'yanta sosai. Masauki da mota ba su da laifi. Zan koma wurinsu, amma ni zan zaɓi ranakun, a ƙarshen wata, kuma a ƙauyen bakin teku nesa da fitilun gari.