Hadis Biyu a RAID 0 ko SSD Ɗaya: Wanne Ya Fi ga Mai Wasan Kwamfuta a Legas?

RAID 0 hanya ce ta haɗa hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta mai faifai mai juyawa) biyu su yi aiki kamar ɗaya: yana raba kowane fayil gunduwa-gunduwa, yawanci 64KB ko 128KB, tsakaninsu. Hadis mai juyi 7200 a minti yakan karanta 150 zuwa 200MB a daƙiƙa, biyu kuwa su kusan ninka hakan.

Sai dai wasa ba dogon fayil ɗaya yake karantawa ba. Dubban ƙananan fayiloli yake tsintowa nan da can, kuma kowane tsinto sai allurar hadis ta yi tafiyar kusan milisakan 10. Haɗa hadis biyu ba ya rage wannan jira. Shi ya sa za ka ga bango ko mota sun makara kafin su bayyana a allo. SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ba ta da faifai mai juyawa, ba shi da allura, jiransa bai kai milisakan ɗaya ba. SSD nau'in SATA yakan karanta har 550MB a daƙiƙa, nau'in NVMe na PCIe 4.0 kuma har 7000MB. Wasan Starfield na 2023 ma SSD ya shardanta.

Babban abin tsoro shi ne asara. Idan hadis ɗaya ya mutu, duk abin da ke kan biyun ya tafi. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, ga janareto mai hawa da sauka, gaskiya ban ga dalilin wannan kasada ba, ko da akwai UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.

Hadis ya fi araha wajen girma, don haka a bar shi wa ajiya, a sa wasanni a SSD mai 1TB. In tokumbo za ka saya a Computer Village da ke Ikeja, ka sa a buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo ka duba lafiyarsa da awoyin da ya yi yana aiki kafin ka biya.