Otel ko oberj: ina baƙo zai sauka a Maraɗi?

Masu zuwa Maraɗi suna yawan tambaya: otel ko oberj?

Otel ya fi tsada saboda yawan ma'aikata: mai tarbar baƙi dare da rana, masu shara, kuku, mai gadi. Oberj galibi gida ne aka mayar masauki, mutum biyu ko uku ke riƙe da shi, kuma ana ragi in za a daɗe.

Babbar magana ita ce wuta. A zafin Afrilu da Mayu, in ta ɗauke, ƙaramin janareto yana juya fanka amma ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ka tambaya kafin ka biya, ka buɗe famfo ka gani.

Ma'aikacin da ke buƙatar rasit da zauren taro, otel ne nasa. Ɗan kasuwa mai yini a waje, oberj ya ishe shi.