Gargaɗi: mai tallan waya da PS4 a Facebook da yake cinye wa mutanenmu kuɗi

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya ci karo da rubutun nan ya daure ya karanta har ƙarshe, sannan ya tura wa na kusa da shi, musamman matasanmu na Taura, Ringim, Jahun da ƙauyukan da suke cin kasuwar Gujungu. Akwai wani mutum da yake tallan wayoyi landan yus da PS4 (na'urar gem da ake jonawa a talabijin) da fawa bank a Facebook, yana cewa shagonsa a kasuwar waya ta Farm Centre yake a Kano, wallahi ƙarya ne ba shi da ko teburi a kasuwar nan, na je da ƙafata na duba. Ni kaɗai ya ci min naira 107,000, kuma daga baya na gano ba ni kaɗai ba ne.

Ni dai sana'ata cajin waya, ɗan shago ne a bakin titi da sola biyu da ƙaramin janareta, ina kuma tura wa mutane finafinai da karatu a memori. Tun bara nake da burin in saka gem a shagon, don yaran garinmu sai sun hau mashin sun je wani gari kafin su buga ƙwallo a talabijin, na ce in na samu PS4 ɗaya da hannu biyu, wato abin da ake riƙewa a buga gem ɗin, ai ko banza za a riƙa samun na cefane da daddare. Da kaka ta yi muka sayar da riɗi, Baba ya ba ni kasona, na haɗa da kwasar adashin da na yi, kuɗin da na tara kenan. Duk wanda ya san wahalar riɗi, daga shuka har yanka da kaɗewa a rana, ya san ba kuɗin wasa ba ne.

Yadda ya shigo ta kaina shi ne abin da nake so ku lura da shi sosai, don ba da babban abu ya fara ba. Na ga tallansa a wani girup na saye da sayarwa, na yi masa magana a kan caja, ya ce mu koma WhatsApp. Na sayi kan caja guda 10 da wayoyinsu, na tura kuɗi, washegari da yamma sai ga kaya a motar Haɗeja, direba ya kira ni na karɓa a Gujungu, lafiya lau ba matsala. Bayan sati biyu na ƙara sayen iyafis, nan ma suka iso har da gyaran guda ɗaya. To kun ga daga nan zuciyata ta kwanta da shi. Kullum da safe sai ya gaishe ni, ran Juma'a ya turo min barka da Juma'a, yana kirana ɗan uwa, ya tambayi Baba da jiki tunda na taɓa ce masa ba ya jin daɗi. Bakinsa kuwa ba ya rabo da wallahi tallahi da amana, har cewa yake shi ma ɗan ƙauye ne ya san zafin nema ba zai ci haƙƙin talaka ba. Wannan ƙananan cinikin da yake cikawa jari ne yake zubawa, yana jiran ranar da za ka kawo babban kuɗi.

Ranar ta zo da ya saka PS4 Slim a sitatus, mai 500GB, da hannu biyu, ya ce an zuba mata gem guda 10 har da FC 24, wato ƙwallon da muka sani da FIFA kafin su canza mata suna a 2023. Ya sa mata 150,000. Na san ta yi araha, don na taɓa tambaya a Kano an faɗa min kuɗin da ya wuce haka nesa ba kusa ba, na tambaye shi dalili ya ce wani ɗalibi ne zai koma makaranta yake neman kuɗi da gaggawa, kuma mutum uku sun riga sun yi magana amma ni ya fi so ya ba wa saboda mun saba. Na ce ya kira ni bidiyo kol in gan ta a kunne, ya ce kyamarar wayarsa ta gaba ta fashe, amma ya turo min bidiyo ana buga ƙwallo a kanta. Bidiyon ba fuskar kowa, ba murya, hannu ne kawai da talabijin. Na ce ya ɗauko min hoton lambar da take jikinta, wadda take farawa da CUH, ya ce yaron shago ya riga ya naɗe ta a kwali. Kowace tambaya da amsarta a shirye.

Da na yi wa Baba maganar a daren, abin da ya ce min shi ne, kai dai ka sani ba a cinikin biri a sama, ka bari ran Litinin ka shiga Kano ka gani da idonka. Na ce Baba mutumin nan mun saba, sau biyu yana turo min kaya, in na jira wani zai riga ni. Ya yi shiru bai ƙara cewa komai ba, kuma shirun nan har yau yana damuna fiye da kuɗin.

Muka yi da mai tallan zan ba da 95,000, ragowar in kaya sun iso. Ya turo lambar akant, da mai POS ya saka sai wani suna daban ya fito, sunan mace, kuma ba akant ɗin da na tura kuɗin caja ba ne. Mai POS ɗin ma sai da ya ɗago ya kalle ni ya ce ka tabbata? Na kira mai tallan ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya cika ba ya karɓar kuɗi mai yawa. Na ce a tura.

Washegari Lahadi, ranar kasuwar Gujungu, ya ce ya ba wa direba a tashar Yankaba, ya turo min hoton kwali da sunana a jiki da lambar direban. Na rufe shago tun azahar na je na zauna a bakin hanya. Wajen la'asar mai cewa shi direba ne ya kira, ya ce an tare su bayan Gezawa, jami'ai sun ga kayan lantarki ba rasit sun ce sai an ba da 12,000 ko su sauke kwalin, shi kuma fasinja suna ta yi masa faɗa, in ban turo yanzu ba zai bar shi nan ya wuce. Har ƙarar motoci nake ji a bayansa. A lokacin ba abin da nake tunani sai 95,000 ɗina da ke cikin kwalin nan, na ruga wajen mai POS na tura. Daga nan lambar direba ta daina shiga. Na zauna har aka yi isha'i, duk motar da ta tsaya sai na leƙa, 'yan kasuwa suka watse ina nan. Da na duba WhatsApp hoton mai tallan ya ɓace, saƙo kuma layi ɗaya yake tsayawa, ya yi bulokin ɗina a can da Facebook gaba ɗaya. Yanzu da nake sake sauraron muryoyin da ya turo min, ina kyautata zaton shi ne direban, murya kawai ya shaƙe.

Ran Talata na shiga Kano na je Farm Centre da hoton shagon da yake sakawa a shafinsa. Shagon yana nan da gaske, amma na wani bawan Allah ne dattijo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da na nuna masa ya girgiza kai ya ce, ɗana kai ne na huɗu da ya zo min da hoton nan, hoton shagona kawai ya ɗauka, ban san shi ba ban taɓa ganinsa ba. Ya zaunar da ni ya sa aka kawo min ruwa, ya ce in da ka kira wani naka a Kano ya tako nan ya tambaya, minti biyar ta isa. Maganarsa gaskiya ce, kusan kowannenmu yana da ɗan uwa ko abokin da yake zaune a Kano.

Da na dawo na fara ba da labari a shago sai mutane suka fara fitowa, da ma kunya ce ta sa kowa ya yi shiru da nasa. Wani abokina mai ɗinki shi an turo masa wayar da gaske, sabuwa fil a kwalinta a kan kuɗi mai sauƙi, ya yi sati uku yana amfani da ita, rannan da safe ta kulle kanta, rubutu ya fito a sikirin cewa sai an biya kuɗin wata. Ashe irin wayoyin nan ne da ake ɗauka bashi ana biya kaɗan kaɗan, akwai manhaja a cikinsu da take kulle waya in ba a biya ba, mai tallan nan shi ya ba da kuɗin farko ya ɗauko ya sayar, ragowar bashin ya bar wa mai ɗinki. Ya kai wa masu gyara sun yi filashin, tana hawa intanet ta sake kullewa. Wani yaro kuma ɗan maƙotanmu fawa bank ya saya an rubuta 50,000mAh a jiki, da nauyinta kamar gaske, amma ko rabin wayarsa ba ta cikawa. Ya kawo min na kwance ta a gabansa, batir shida ne a ciki, ɗaya ne kawai aka jona wa waya, sauran biyar ɗin da muka fasa yashi ne a ciki. Irin batirin nan dogaye masu lamba 18650, mai kyau a cikinsu ba ya wuce wajen 3,500mAh, to ku lissafa guda nawa za a jera kafin a kai 50,000, ba za ta shiga aljihun riga ba. Haka memorin da yake sayarwa, waya za ta nuna maka 128GB, kana zuba abu yana shiga, amma ainihin cikinsa kaɗan ne, in ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho, ranar da ka zo buɗe bidiyon bikin ƙanwarka sai ka tarar ya lalace. Wannan na ga da yawa a shago tun kafin ma in san daga ina suke fitowa.

Na je banki da rasit ɗin POS, suka karɓi ƙorafi suka ce in kawo takarda daga 'yan sanda, amma ma'aikacin ya faɗa min gaskiya cewa irin wannan kuɗin da wuya ya kwana a akant ɗin da aka tura shi, nan take ake kwashewa, shi yasa ake so mutum ya kai ƙara a ranar ba sai bayan kwana uku ba kamar yadda na yi. Kuma sau da yawa mai sunan da ke kan akant ɗin ba shi ne ɓarawon ba, wani ne aka ba shi 'yan kuɗi ya buɗe da NIN ko BVN ɗinsa ya miƙa. A nan ina roƙon ƙannenmu maza da mata, duk wanda ya ce ku ba shi lambar NIN ko ku buɗe akant ku ba shi zai sallame ku da dubu biyu ko uku, kada ku yarda, ranar da bincike ya tashi ƙofar gidanku za a fara bugawa, shi yana can.

In dai dole sai ka sayi waya sakan, ka riƙe ta a hannunka kafin ko sisi ya fita. Ka danna *#06# lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali da ta rasit, in sun saɓa ka ajiye masa abarsa, don wayar sata da lambar nan ake bibiyarta kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. In iPhone ce ka sa ya cire iCloud ɗinsa a gabanka, in ya ce ya manta fasawod ka tashi kawai, ba za ta yi maka amfani ba. In Android ce a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a kunna, a saka layinka a hau intanet ka ga ba ta nemi imel ɗin wani ba kuma ba ta kawo maganar biyan bashi ba. PS4 kuma tun 2013 ta fito, yawancin na kasuwa sun sha aiki, a jona ta a talabijin ka buga ko rabin awa ne ka ji ƙarar fankarta ka gwada hannayen duka biyun. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, dattijon nan na Farm Centre da kansa ya ce min shi ya fi son mai dubawa don ba ya dawo masa da rigima.

Ban saka suna da lambar akant ɗin a nan ba saboda ina tsoron matar da sunanta ya fito ita ma amfani aka yi da ita, kar in jawo a zagi wadda ba ta ji ba ta gani ba, na dai miƙa su inda ya dace. Shi kuwa ya canza sunan shafinsa, ƙanena ya gano shi da wayarsa, hoton shagon dattijon nan dai shi ne a sama, yanzu fanka mai caji da ƙananan sola yake talla tunda zafi ya kusa, kuma har na ga mutanen yankinmu suna tambayarsa nawa ne a ƙasan hoton. Zuwa yanzu mu biyar ne muka haɗu da rasit ɗinmu da hotunan hirar da muka yi da shi. Duk wanda ya san ya tura wa mutumin nan kuɗi, ko kaɗan ne, kar ya goge hirar kuma kar ya yar da rasit, ya same ni a shago ran Lahadi bayan la'asar, ran Litinin da safe za mu tafi ofishin 'yan sanda tare.