Allurar Cefazolin Kafin Tiyata: Ta Cancanci A Riƙa Ajiye Ta

A kantunan magani na Kaduna, daga Kasuwar Barci zuwa Kawo, ceftriaxone aka fi sani a cikin alluran kashe ƙwayoyin cuta. Amma wajen kare mikin tiyata daga ruɓa, cefazolin ce ta fi dacewa, domin tana cin ƙwayoyin cutar da ke kan fata ba tare da ta share masu amfani na hanji sosai ba.

Amfaninta na tattare da lokaci, kuma nan ne aikin mai harhaɗa magunguna yake. Ana ba babba giram 2 ta jijiya cikin minti 60 kafin a sa wuƙa. Mai nauyin kilo 120 zuwa sama, giram 3. Ƙarfinta a jini na raguwa da rabi cikin kusan awa 2, don haka idan aiki ya kai awa 4, ko jinin da ya zuba ya wuce lita 1.5, sai a maimaita. A tiyatar haihuwa ma kafin yanka ake yin ta, ba bayan an ɗaure cibiya ba. Aikin babban hanji kuwa sai an haɗa da metronidazole, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Babban abin damuwa shi ne ci gaba da allura kwana biyar bayan ɗinki. Bai kamata ta wuce awa 24 ba. Ƙarin ba ya kare miki, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, ya kuma cinye kuɗin majinyaci.

Ɗaya daga cikin aibinta: ba ko'ina ake samunta ba. A duba lambar NAFDAC, a kuma tambayi majinyaci ko penisilin, wanda dangin cefazolin ne, ya taɓa kumbura masa fuska ko toshe masa numfashi.