Tafiyar Edirne ta ƙarshen mako: kuɗinta bai faɗi ba, amma gaggawar ta yi yawa

Masu tambaya ta ko tafiyar Edirne ɗin nan da wani kamfanin yawon buɗe ido yake haɗa wa ɗaliban Istanbul ta cancanci a biya, musamman ku 'yan likitanci da nas da famasi, amsata eh ce amma da gyara. Asabar da sassafe ake tashi a dawo Lahadi da dare, bas ɗin lafiya lau, hanya kusan awa uku, garin yana can bakin iyakar Turkiyya da Girka da Bulgeriya kuma shi ne babban birnin Daular Usmaniyya kafin su ci Istanbul a 1453. Masauki ba yabo ba fallasa, akwai ruwan zafi akwai tsafta, shi ke nan.

Abin da ya kai mu dai shi ne tsohon asibitin Sarki Bayazid na biyu da ke bakin kogin Tunca, wanda aka gina daga 1484 zuwa 1488, yanzu gidan tarihin kiwon lafiya ne a hannun Jami'ar Trakya, har ya ci kyautar Majalisar Turai (Council of Europe) ta gidajen tarihi a 2004. Wallahi wurin nan ya taɓa ni. Babban zauren kusurwa shida gare shi, kubba a sama, maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, ɗakunan majinyata sun kewaye ta ta yadda duk ɗakin da mutum yake kwance ƙarar ruwan tana iske shi, kuma da gangan aka yi hakan saboda masu taɓin hankali, ana haɗa musu magani da kiɗa da ƙamshi da sautin ruwa da sana'ar hannu, kuma kyauta. Matafiyin nan Evliya Celebi da ya zo wurin a ƙarni na 17 ya rubuta cewa makaɗa goma ne ke zuwa sau uku a mako. Sun sa mutum-mutumi a ɗakunan, ga likita zaune gaban mara lafiya, ga mai daka magani a turmi, in ka tsaya shiru sai ka ji sarewa tana tashi a hankali. Duk wanda ya taɓa zagayen ɗakin masu taɓin hankali ya san yadda hayaniya ke rikita majinyaci, to mutanen nan sun yi tunanin wannan tun wajen ɗora tubali.

To a nan ne raina ya ɓaci. Jagoran da kamfanin ya ba mu sai duba agogo yake, muna ɓangaren makarantar likitancin muna kallon zanen aikin tiyata na Sabuncuoglu, wani likitan Usmaniyya na ƙarni na 15, wata 'yar ajinmu ta yi tambaya kan yadda suke ƙona rauni da ƙarfe, ya ce lokaci ya ƙure a fito a hau mota, sai ga shi an zube mu a kasuwa har yamma ana tallata mana sabulu mai siffar 'ya'yan itace. Haba dan Allah, ɗaliban lafiya fa ka ɗauko! Kuma tattaunawa da ma'aikatan asibiti na yanzu da suka rubuta a tallarsu ba a yi ba, ba wanda ya ce mana uffan.

Masallacin Selimiye kam sai dai a ce masha Allah, aikin Mimar Sinan ne, babban maginin Daular Usmaniyya, yana jerin kayan tarihin UNESCO tun 2011. Soyayyar hantar garin ma ku ci, ana yanka ta siriri a soya ta yi ƙarau, sai dai ku yi hankali da busasshen barkonon da ake haɗowa da ita.

Shawarata in ƙungiyarku za ta biya, ku sa a rubuta muku tun kafin ku ba da ko lira ɗaya cewa safiyar Asabar gaba ɗaya ta asibitin ce, ku nemi jagoran da ya san tarihin magani, kasuwa kuma a bar ta Lahadi ga mai so. Ku tafi da katin ɗalibi, in lokacin hunturu ne kuma da rigar sanyi mai kauri don sanyin Edirne ya fi na Istanbul.