Garin kanola a abincin kajin nama: abin da na gani a gonata

Tsadar waken suya ce ta kai ni ga garin kanola, ba son gwaji ba. Duk mai haɗa abincin kaji da kansa ya san cewa bayan masara, waken suya ne ke cin kuɗi. Da wani dillali ya ce yana da garin da ake shigowa da shi daga waje a farashi mai sauƙi, sai na karɓi 'yan buhuna, na raba kajina gida biyu, ɗaya na ci gaba da ba su haɗin da na saba, ɗayan na cire wani kaso na waken na zuba wannan.

Ga wanda bai san shi ba, tsiro ne dangin kabeji mai furanni rawaya, ana noma shi sosai a Kanada, Turai, Sin da Indiya. Ana matse mai daga 'ya'yansa, ragowar kuma ita ce ake ba dabbobi, kamar yadda tunkuza ke saura bayan an matse gyaɗa. Tsohon irinsa yana da sinadari mai ɗaci da ake kira gulukosinolet, wanda ke hana maƙoƙon wuya aiki da aidin yadda ya kamata, ya kumbura shi, ya kuma wahalar da hanta. Masana a Kanada, Baldur Stefansson da Keith Downey, su suka tace irin har aka samu mai ƙarancin wannan guba a shekarar 1974, shi ne daga baya aka raɗa wa suna kanola. To a nan gizo ke saƙa, domin har yau iri biyun suna kasuwa, kuma da ido da wuya ka bambance su.

Buhunan farko da na samu masu kyau ne. Garin duhu ne, yana sa abincin ya yi ɗan baƙi-baƙi, amma kajin ba su ƙi shi ba. Na fara ba su bayan sun bar sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, kashi 10 cikin ɗari na haɗin. Ƙafafunsu ƙalau, gashinsu ya fito da kyau, mutuwa ba ta ƙaru ba. Sai dai a kan sikeli, masu cin waken suya zalla sun ɗan fi nauyi, kuma dalilin a fili yake. Furotin ɗin kanola yana wajen kashi 36, na waken suya kuwa 44 zuwa 48. Ɓawon kanola yana da yawa, kaza ba ta iya narkar da shi, don haka ƙarfin da take samu a ciki kaɗan ne. Layisin ɗinsa ma bai kai na waken ba, ko da yake yana da metiyonin mai kyau; duka biyun sinadarai ne na cikin furotin da kaza ke buƙata don girma. Da na ƙara ɗan mai da layisin a haɗin, tazarar ta ragu sosai, har mai sayen kaji bai iya gane wanne ne wanne ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne kaya na biyu. Dillali ɗaya, farashi ya ma fi sauƙi, buhu ba rubutu ko ɗaya. Na ɗanɗana, sai ɗaci da yaji suka kama mini harshe. Na jiƙa ɗan kaɗan da ruwan ɗumi, warin ya hau hanci. Kajin suka riƙa tsattsaga abincin suna watsar da shi ƙasa, su koma bakin ruwa. Cin abinci ya ragu, girma ya tsaya, ƙasan ɗakin ya yi ta jiƙewa har na riƙa canza buntun shinkafa akai-akai. Waɗanda na yanka na duba, hantar wasu ta ɗan girma. Na janye shi nan take, suka dawo da ci, amma nauyin da suka rasa a wannan tsakanin bai dawo duka ba. Kajin nama sati shida zuwa takwas ne rayuwarsu, ba su da lokacin ramuwa.

Shi ya sa ra'ayina yake haka: kanola na gaskiya abinci ne mai amfani, amma mataimaki ne ga waken suya, ba magajinsa ba. Ban yarda a ba 'yan tsaki da yawa ba, cikinsu bai yi ƙwarin narkar da ɓawon ba. Masu kajin ƙwai ma su yi hattara, musamman jajayen kaji, domin akwai wani sinadari a cikinsa da ke sa ƙwan wasunsu ƙarnin kifi.

Kada kuma arhar buhu ta ruɗi mutum. A lissafa nawa furotin ɗin ya faɗi, a haɗa da kuɗin mai da layisin da za a ƙara, sannan a duba nawa aka kashe kan kowane kilo na kaza. Ni a wajena ribar ta fito, amma ba mai yawa ba, kuma sai lokacin da waken suya ya yi tashin gwauron zabi. Zan sake saye idan mai kaya ya nuna mini takardar gwajin da ta faɗi ƙasar da ya fito da yawan gulukosinolet ɗinsa. In babu takarda, gara na koma ga ƙuli-ƙuli da waken da na sani.